Nauyi Biyu A Gida Ɗaya: Jinyar Ciwon Daji Da Kula Da Dabba Mai Rauni

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-4; Fitowa 17:8-13; Galatiyawa 6:2-5

Manufa: Mu koyi yadda mai fama da ciwon daji zai sami ƙarfafawar zuciya a lokacin da dabbar da ya shaƙu da ita ta ji rauni, mu kuma ga hakkin da ke kan iyali da ikkilisiya.

Gabatarwa

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, ya daina zama baƙo a gidajenmu. Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekara ta 2022 kaɗai, mutum kusan 128,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Na mama shi ne kan gaba. Jinyarsa kuwa doguwa ce. Iyalin da ke Kafanchan ko Langtang ko Biliri sukan yi ta zirga-zirga zuwa manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wata da watanni.

Ana cikin wannan, sauran al'amuran gida ba su tsayawa. A gidaje da yawa akwai kare mai gadi wanda ya zama kamar ɗan gida. Akwai gwauruwar da kyanwa ce abokiyar zamanta tun da 'ya'ya suka watse. Akwai dattijon da ya yi ritaya, da aku ko tattabarunsa, akwai kuma 'yar akuyar da aka raina da hannu bayan uwarta ta mutu. Rana ɗaya sai babur ya buge karen, ko tarko ya kama ƙafar kyanwar. Ga mai gida a kwance, ga dabba a kwance. Wanda ke waje yakan ga abin ƙarami ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

1. Me ya sa raunin dabba ke taɓa majinyaci haka?

Dalili na farko shi ne, doguwar jinya tana mayar da mutum mai karɓa kawai. Macen da ta saba ciyar da gida, yanzu ita ake ciyarwa. Mutumin da ya saba biyan kuɗin makarantar yara, yanzu shi ake tara wa gudummawa. Sau da yawa dabbar nan ita kaɗai ta rage wadda take jiran wani abu daga hannunsa. Zuba mata abinci da safe yana tuna masa cewa har yanzu yana da amfani.

Na biyu, dabba ba ta sake fuska. Idan magani ya zubar da sumar kai, jiki ya rame, fata ta yi duhu, mutane sukan shigo da tausayi ko tsoro a fuskarsu, majinyaci kuwa yana gani, gama labarin zuciya a tambayi fuska. Kare kuwa yadda ya saba kaɗa wutsiya jiya, haka zai kaɗa yau. Saboda wannan ne a wasu asibitocin Turai da Amurka ake kai karnukan da aka horar su ziyarci masu jinya.

Na uku, majinyaci yakan ga kansa a jikin dabbar. Yana kallon ƙafar da aka ɗaure yana tambaya a ransa, za ta warke kuwa? Hawayen da ya danne a gaban 'ya'yansa domin kada su tsorata, sai su zubo a kan dabbar.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan shaƙuwa ba. Sa'ad da annabi Natan ya so ya farkar da lamirin sarki Dawuda, labarin wani matalauci ya ba shi, mai 'yar tunkiya guda ɗaya tak, wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa, yana ɗaukarta kamar 'yarsa. Dawuda, wanda shi ma makiyayi ne a dā, bai yi wa mutumin dariya ba, fushi ya yi ƙwarai saboda abin da aka yi masa. Karin Magana 12:10 ta lissafta kula da ran dabba cikin halayen mai adalci. Fitowa 23:5 ma ta umarta a taimaki jakin maƙiyi idan ya faɗi a ƙarƙashin kaya. Saboda haka kada wani a cikinmu ya ce wa majinyaci, “Kai da kake fama da ranka, ina ruwanka da kare?” Magana irin wannan tana rufe bakin mutum, daga ranar ba zai ƙara faɗa maka abin da ke damunsa ba.

2. Abin da magani yake yi wa jiki

Ƙauna ba ta kawar da haɗari, don haka dole iyali su san iyakar jikin majinyaci.

Maganin kemo, wanda aka fi ɗurawa ta jijiya, yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa a jiki. Tare da na ciwon, yakan rage fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke yaƙi da cuta. Sau da yawa ana ba da shi bayan kowane mako uku, yana iya kaiwa zagaye shida ko takwas, wato wata huɗu zuwa shida. Garkuwar jiki takan fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. A waɗannan kwanaki, ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko ji ta ba tana iya kwantar da majinyaci. Kowane gida mai jinya ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan zafi ya kai 38, ko ana rawar sanyi, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a sayi magani a kemis a jira gari ya waye.

Rauni mai mugunya, da kashin dabba, da miyaunta, duka hanyoyi ne na kamuwa da cuta. Kashin kyanwa yana iya ɗauke da ƙwayar da ake kira toksoplasma. Kashin kaji da na tsuntsaye yana iya ɗauke da salmonela, ƙurar kejin aku ko ta ɗakin tattabaru kuma tana iya kawo ciwon huhu. Dabbar da ke jin zafi takan ciji ko ta yakushi har mai ita, ba don mugunta ba, don tsoro.

Wadda aka yi wa tiyatar mama aka cire kaluluwar hammata tana da ƙarin dalilin yin hankali. Ƙaramin yakushi a hannun wannan gefe yana iya ruruwa ya kawo kumburi mai wuyar saɓewa. Bayan babbar tiyata kuma likitoci sukan hana ɗaukar abu mai nauyi na makonni, babban kare kuwa kaya ne. Gashin da ake yi wa ciwon da na'ura, wanda akan yi daga Litinin zuwa Juma'a har makonni, yana kawo gajiyar da barci ba ya kawar da ita.

Akwai abu biyu da ya kamata su kwantar mana da hankali. Ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta zama tare ko cin abinci tare, dabbar gida ba ta ɗaukarsa daga mai ita, shi ma ba ya ɗauka daga gare ta. Wanda kuma aka yi wa gashi da na'ura daga wajen jiki ba ya komawa gida da wani abin da zai cutar da yara ko dabbobi.

3. Abin da za a riƙe, da abin da za a saki

A Galatiyawa sura 6, manzo Bulus ya faɗi abu biyu da suke kamar suna karo da juna. A aya ta 2 ya gargaɗi masu bi su taya juna ɗaukar nauyi, a aya ta 5 kuma ya nuna cewa akwai kayan da kowa zai ɗauka da kansa. A harshen Helenanci kalmomi biyu dabam ya yi amfani da su. Masana da yawa suna bayyana ta farko a matsayin nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ta biyu kuma ƙunshin da matafiyi yake ratayawa a kafaɗarsa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin darasinmu.

Iyalai sukan faɗa cikin ɗayan kuskure biyu. Wasu su bar wa majinyaci dukan aikin dabbar, tunda shi ne ya damu da ita. Wasu kuma su ɗauke dabbar gaba ɗaya ba tare da shawara da shi ba, wai don su hutar da shi. Na farko yana sa jikinsa cikin haɗari, na biyu yana karya masa zuciya. Hanyar da ta dace ita ce a raba aikin.

Ƙunshin da majinyaci zai riƙe: zama kusa da dabbar, yi mata magana, shafa ta a inda babu rauni, zuba mata abinci da ruwa, tuna wa yara lokacin maganinta, da yanke shawara a kanta. Bayan kowace taɓawa ya wanke hannu da sabulu. Kada ya bari ta lashi fuskarsa ko wurin da aka yi masa aiki, kada kuma ta kwana a shimfiɗarsa.

Nauyin da zai saki: wanke rauni, sake bandeji, kwashe kashi da amai, share keji, cire kaska, ɗura magani a baki, da ɗaukar dabbar zuwa asibiti. In ya zama babu kowa a gida, tilas sai shi, ya sa safar hannu da takunkumin hanci, ya kuma gaya wa likitansa cewa yana yin wannan aiki.

Sakin wannan nauyi ba gazawa ba ce. A yaƙin Refidim, hannuwan Musa sun gaji. Haruna da Hur ba su karɓe sandan daga hannunsa ba. Dutse suka kawo ya zauna, suka tallafi hannuwansa, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, har faɗuwar rana. Aikin na Musa ne har ƙarshe, ƙarfin ne aka ara masa.

4. Ga wanda zai karɓi aikin raunin

A fara da kai dabbar wurin likitan dabbobi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma malaman dabbobi a ƙananan hukumomi. Kafin a taɓa karen da ya ji rauni, a ɗaure bakinsa da tsumma mai laushi, sai dai idan yana amai ko numfashi yana yi masa wuya. Kyanwa kuwa a naɗe ta da tawul.

Ana wanke rauni da tafasasshen ruwan da ya huce, rabin lita, da gishiri cokalin shayi ɗaya. Kada a zuba baƙin mai ko kananzir ko toka. A kare raunin daga ƙudaje, domin a lokacin zafi tsutsa takan shiga cikin 'yan kwanaki. Idan dabbar tana lasar wurin, a yanka kwali a zagaya mata a wuya kamar mazurari. Karaya takan ɗauki makonni shida ko fiye kafin ta haɗe, sai a tsare dabbar a wuri ɗaya mai inuwa.

Kada a ba dabba maganin mutum. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa, ibuprofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare. A ɓoye magungunan majinyaci inda dabba ba za ta kai ba. Maganin kemo yana fita ta fitsari da amai har kwana biyu ko fiye bayan an karɓa, saboda haka a rufe bayan gida, a kuma zubar da fo da wuri.

Idan dabba ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare ba ya warkuwa idan alamunsa suka bayyana, amma allura tana hana shi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar rigakafinsa ta karnuka. Idan kuwa wani baƙon kare ne ya ji wa naku rauni, ku faɗa wa likitan dabbobi, majinyaci kuma ya nisanci dabbar sai likita ya yarda.

5. Dabbar tana iya zama ƙofar taimako

Yawancinmu an raine mu a kan cewa namiji ba ya kuka, mace kuma ta haɗiye. Wasu suna ɓoye ciwon har ga fastonsu, don tsoron tsegumi ko don kada a ce bangaskiyarsu ta kasa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ubangijinmu Yesu kansa, a gonar Getsamani, ya ja Bitrus da Yaƙub da Yahaya gefe, ya faɗa musu nauyin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Idan Mai Ceto ya nemi abokan zama a daren wahalarsa, babu kunya a gare mu.

Mutumin da bakinsa ya yi nauyi ya ce, “Ina jin tsoro,” yana iya cewa, “Don Allah a aiko mini da yaro ya wanke wa karena ƙafa.” Ɗan'uwa, 'yar'uwa, fara daga nan. Wanda yake zuwa kowace yamma domin bandejin kare, ba ya tafiya sai ya zauna ya gaishe ka. Yau minti biyar, gobe minti goma, kafin mako ya zagayo ka sami wanda za ka buɗe wa ciki. Mai taimako kuma ya gane cewa an kira shi domin dabba, amma akwai mai rauni na biyu a gidan. Idan ka gama ka wanke hannu, kada ka yi hanzarin fita. Ka tambaya, “Baba, kai fa, yaya daren jiya?” Sa'an nan ka yi shiru ka saurara.

Kada a ɗora wa mutum ɗaya kome. Miji ko mata da ke jinya su ma sukan gaji. Yana da kyau majinyaci ya sami mutum biyu ko uku da zai iya kira a kowane lokaci. Ya nemi wanda ya taɓa bin wannan hanya ya fita, domin kalma ɗaya daga bakinsa ta fi dogon jawabi. Waɗanda ake haɗuwa da su a layin asibiti kowane mako uku sukan zama dangi, a karɓi lambar juna. A manyan asibitoci akwai sashen kula da walwalar marasa lafiya, a tambaye su game da masu ba da shawara da kuma tallafin kuɗin magani.

A lura da wannan kuma. Baƙin ciki a lokacin jinya abu ne da aka saba. Amma idan ya wuce mako biyu mutum ba ya jin daɗin kome, ba ya barci, yana ganin kansa kaya ne ga iyali, yana so ya daina magani, ko yana tunanin kashe kansa, wannan ciwon damuwa ne, yana kuwa da magani. A faɗa wa likita ba da jinkiri ba. Wata alama da iyali za su iya gani da wuri ita ce, ranar da majinyaci ya daina tambayar lafiyar dabbar da dā ba ya iya barci sai ya gan ta.

6. Hakkin ikkilisiya

Zumunta a ƙafa take. Amma “In kana bukatar wani abu ka faɗa” ba ta cika kai taimako ba, gama mai ciwo ba zai faɗa ba. Gara a ce, “Mama, ranar Talata da Juma'a ni zan zo in share wurin kyanwa.” Zumuntar Mata tana iya tsara abinci a makon da ya biyo bayan kemo. Matasa su karɓi aikin dabbar bi da bi, a rubuta sunaye da ranaku a manna a bango. Mai babur ko mota ya ɗauki kai ta asibiti. Sa'ad da iyali suka tafi gashi na makonni a wani gari, wani gida ya riƙe dabbar, a riƙa aika wa mai ita hotonta ta waya. Mai mura ko tari kuwa ya gaisar ta waya, kada ya shiga ɗakin.

Mu kula da bakinmu. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi shiru. Sun ɓata ne da suka fara neman zunubin da ya jawo masa wahala. Idan ciwo da haɗarin dabba suka haɗu a gida ɗaya, ba a rasa mai cewa an yi wa gidan jifa, ko kuwa dabbar ce ta tare abin da aka aiko. Irin wannan magana tana shuka tsoro da zargin maƙwabta, ta kan kuma sa a bar asibiti a bi masu magani har ciwo ya yi nisa. A Yahaya sura 9, Yesu ya ƙi yarda cewa makantar mutumin nan hukuncin zunubinsa ne ko na iyayensa. Mu yi addu'a da bangaskiya, mu kuma raka ɗan'uwa ya karɓi zagayensa na gaba a kan lokaci. Sa'ad da Iliya ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, abinci da ruwa da barci Allah ya fara ba shi, kafin ya yi masa magana.

7. Sa'ad da shawara ta yi wuya

Wani lokaci kuɗi ba ya isa duka biyu. A nan sai a faɗi gaskiya cikin ƙauna: ran mutum ne kan gaba. Kada a taɓa kuɗin kemo, kada kuma a ɗaga ranar asibiti saboda dabba, domin jinkirta zagaye ba da izinin likita ba yana rage amfanin magani. A gaya wa likitan dabbobi abin da ake da shi, ya faɗi hanya mafi sauƙi. Sau da yawa abin da ake bukata bai fi ƙarfin 'yan'uwa biyu ko uku ba.

Idan raunin ya wuce gyara, dabbar tana shan azaba, likita yana iya ba da shawarar a hutar da ita da allura. Idan kuma riƙonta ya gagara, a nema mata gidan kirki kusa, inda mai ita zai iya ganinta. Ko wanne ne, a yi shawara da majinyaci. Kada a yi a ɓoye a ce masa ta ɓata. In ta mutu, a bar shi ya yi kuka, kada a yi saurin kawo masa ɗan kwikwiyo, gama ƙananan dabbobi sun fi cizo da yakushi da ɗaukar cuta. A kuma faɗa masa a fili cewa mutuwar dabbar ba ishara ba ce game da ransa. Ciwonsu dabam, hanyarsu dabam.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah wanda ya sa tausayin dabba a zuciyar majinyaci, shi ne kuma ya sa shi a cikin iyali da ikkilisiya. Majinyaci ya riƙe abin da ke ƙarfafa shi, ya saki abin da zai cuce shi. Mu kuma da muke da lafiya yau, mu karɓi abin da ya saki da hannu biyu, ba da raini ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya koya mana game da yadda za mu ɗauki abin da wani yake ƙauna?
2. A gidanmu, wane aiki ne majinyaci zai riƙe, wane ne kuma za mu karɓa? Wa zai yi, a wace rana?
3. Waɗanne maganganu ne muka saba yi a wurin gaisuwar mara lafiya da ya kamata mu bari?
4. Wa muka sani yake jinya yanzu, me kuma za mu yi masa kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Uba mai jinƙai, Mahaliccin mutum da dabba, ka dubi 'yan'uwanmu da ke fama da ciwon daji. Ka ba likitoci hikima, ka ba masu jinya haƙuri. Ka buɗe bakin mai ciwo ya nemi taimako, ka buɗe idanunmu mu ga bukatarsa tun bai roƙa ba. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.